Hajo Mai Tabarma a Ajin Likitoci

Duk wanda ya taɓa yin jinyar wani a asibitin nan na Haɗeja da nake nufi ya san Hajo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ke zama a gefen ƙofar shiga, ƙarƙashin darbejiya, da tabarmin kaba a jingine jikin katanga. Idan an ba mutuminka gado, kai ba a ba ka komai ba sai baranda da sauro, don haka dole ka fito neman tabarma. Hajo tana gane irin waɗannan mutane tun daga tafiyarsu. Kafin mutum ya ƙaraso ta riga ta zare masa guda, ta naɗe, ta ɗaure da igiya. Ba ta talla, ba ta jan ciniki, ba ta kuma tambayar abin da ya sami mara lafiyar. "Allah ya ba da lafiya," shi ke nan. Mai shayin da ke kusa da ita yakan ce ya fi shekara goma yana gaishe ta, har yau bai san ko tana da haƙoran ƙasa ba.

Abin da masu sayen tabarmarta ba su sani ba shi ne, tsohuwar nan ta daɗe tana shiga ajin likitoci, kuma akwai magana guda da take jira ta ji daga bakin ɗayansu. Amma kafin a kai ga wannan sai an koma baya.

An haife ta a wata ruga wajen Miga, lokacin da mahaifinta yake da shanun da za a kira shanu. Fari da ciwo suka cinye su, gidan ya ajiye sandar kiwo ya ɗauki fartanya, amma halin ruga bai bar su ba. Ta auri Yunusa, manomin shinkafa a wani ƙauye cikin fadama da ake ce wa Tudun Gana. Wanda ya raɗa wa wurin nan tudu bai taɓa zuwa da damina ba. Da kogi ya cika sai ƙauyen ya koma tsibiri, ba shiga ba fita sai da kwalekwale, shi ma sai an yi ta kutsawa cikin kachala, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa.

Haihuwarta ta fari mace ce. Ba zan faɗi sunan yarinyar yanzu ba, tunda uwar da ta haife ta ma ba ta faɗa ba. Yau a birni uwa takan ɗauki hoton ɗanta na fari ta watsa wa duniya ta waya, har da kirari. A gidan su Hajo kuwa kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce nata ne. Idan ya faɗi a tsakar gida, sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Ana yaye yarinyar aka kai ta ɗakin kakarta, uwar Yunusa, ta tashi tana ce wa Hajo "Adda" kamar wata yayarta. Ita kuma Hajo sai "ke", in ana maganarta a bayan ido sai "waccan". Daga baya ta haifi maza, waɗanda take kwala wa kira da sunayensu har a jiyo ta a ƙarshen fadama. Kada wani ya ɗauka ba ta son 'yar. Tana son ta sosai, wurin ajiye son ne ta rasa.

Yarinyar ta girma, ta yi aure a Malam Madori, wanda take so aka ba ta. Da ciki ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. A lokacin kakar ta rasu, don haka wankan jego ya faɗo hannun Hajo. Yarinyar ta haihu lafiya, mace, ana tsakiyar damina.

Wannan ne karon farko da Hajo ta samu damar yi wa 'yarta wani abu da hannunta ba tare da an yi mata dariya ba, ta kuwa zuba duk abin da ta tara a ciki. Babu mai jegon da aka taɓa dafa wa ruwa mai zafin nata a Tudun Gana. Safe da yamma Hajo na gindin tukunya, itace jiƙaƙƙe, hayaƙi na cin idonta, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mata. Kunun kanwa kuwa mai kauri take damawa, ta tsaya a kanta da fuska a murtuke har sai ta shanye. "Ke, shanye," shi ne duk kalmomin soyayyar da take da su.

Tun kafin a yi arba'in ta fara ganin abin da bai yi mata ba. Yarinyar ta daina kwanciya sosai, sai ta jingina da bango ta yi barci a zaune, in ta miƙe sai tari ya taso. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta huta. Ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya ƙi shiga. Hajo ta ga duk wannan, ba abin da ya wuce ta. Ita ce ma ta matsa aka nemi kwalekwale, ta ɗauko silifas ɗin Yunusa ta tura wa yarinyar da ƙafa, dogon hijabi ya sauko ya rufe su. Ƙanen mijin yarinyar ne ya tuƙa su zuwa wani ƙaramin asibiti a hayin kogi.

Lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, layi har waje. Likitan saurayi ne, da gani tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Hajo ba za ta iya gane fuskarsa ba ko yau aka kawo mata shi, domin bango take kallo. Agogon hannunsa kawai take tunawa.

"Me yake damunki?" ya tambayi yarinyar.

"Zazzaɓi ne, da ɗan tari. Amma da sauƙi."

Haka aka tarbiyyantar da ita, mai jego ba ta raki. Likitan ya juya wajen Hajo. "Ke ce mahaifiyarta?"

Ga surukinsu a tsaye a bakin ƙofa, ga mutane suna leƙe ta taga. Maganar tana nan cike da bakin Hajo, ta barci a zaune, ta ƙafafu, ta tari. Abin da ya fito shi ne, "'Yar gidanmu ce."

"To, ɗan jira mu a waje, Inna."

Ta fita. Ba a jima ba yarinyar ta biyo ta da ƙwayoyin zazzaɓi a ƙulle a leda, suka hau kwalekwale suka koma. Hajo ta yi ta gaya wa kanta ai likita ya gani, shi ya sani.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ta sauke tukunya, ta juye ruwan a bangaji, ta tsoma ganye. "Ke, ruwa ya yi." Shiru. "Ke!" Jaririyar ce kawai ta yi motsi. Da ta ɗaga labule ta same ta a zaune, jingine da bango kamar kullum, kanta ya ɗan karkata. Ruwan nan yana ta tururi a tsakar gida har mata suka cika gidan.

Ko a zaman makoki ba ta yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yaba mata haƙuri. Dangin uba suka ɗauki jaririyar zuwa Malam Madori. Abin da aka bar wa Hajo tambaya ce ta rashin hankali, ita ma ta san ta rashin hankali ce, amma ta ƙi barinta: da a ce sunanta ta kira ran nan, ba "ke" ba, da za ta amsa?

Shekaru suka wuce. Yunusa ya rasu. Wata babbar ambaliya ta zo ta kwashe Tudun Gana har da rumbuna, Hajo ta dawo Haɗeja wajen ɗanta Bala. Daga abin da ta tsira da shi akwai silifas ɗin nan. Zaman banza ya gagare ta, ga shi ta iya saƙar kaba tun tana yarinya, sai ta kama wuri a ƙofar asibiti. Ita da ba ta taɓa samun wanda za ta yi wa zaman baranda ba, ta zama mai sayar wa masu jinya abin zama.

A nan Dakta Tukur ya same ta. Shi ne babba a sashen da ake horar da likitocin iyali, wato likitocin da sun riga sun gama makaranta, suna ƙara wasu shekaru a ƙarƙashin manya don su ƙware wajen duba kowa a gida, daga jariri har kaka. Ashe likita ba ya gama karatu. Shi kansa Tukur, da furfurarsa, an tura shi kwas na ƙaro ilimi kan yadda ake koyarwa, ya dawo da wata dabara da ta sa aka fara cewa ko karatun ya yi masa yawa. Ya ce yaransa sun san littafi, amma marasa lafiya suna shiga wurinsu da ciwo suna fita da shi ba su faɗa ba. Don haka zai riƙa kawo mutanen gari su yi kamar ba su da lafiya, likitoci su koyi tambaya a kansu, inda kuskure ba ya kashe kowa.

Ya fito bakin ƙofa neman 'yan wasa. Mai shayi ya gwada, ya yi ta birgima yana kiran uwarsa har nas-nas suka fito kallo, aka sallame shi. A ƙarshe aka samu Asabe, wata mai aiki a ɗakin haihuwa, za ta fito a mai jego da ke zazzaɓi. Saura 'yar rakiya.

"Inna, ba abin da za ki yi," in ji Tukur. "Zama kawai za ki yi kusa da ita, ki yi shiru."

"Wannan kam ka samu gwana," in ji mai shayi.

Ta bi shi ne don kunyar ƙin babban mutum. Ɗaki ne ƙarami, tebur, kujeru, benci, da ƙararrawar da Tukur ke kaɗawa in lokaci ya cika. Asabe ta zauna kusa da ita cikin dogon hijabi, ta yi ɗan tari. Wani saurayin likita ya shigo yana gyara farar riga, ya tambayi Asabe, ta ce da sauƙi. Hajo ba ta san lokacin da ta juya fuskarta bango ba.

"Ke ce mahaifiyarta?"

"'Yar gidanmu ce."

"To, ɗan ba mu wuri, Inna."

Tukur ya same ta a waje ta dafa ginshiƙi. Ya ce ai bai koya mata wannan amsar ba, ina ta samo ta? Ta ce labarin wata maƙwabciyarta ne a ƙauye. Ta ba shi labarin kaf, tana kallon ƙasa, maƙwabciya ta yi kaza, maƙwabciya ta ce kaza. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya ce yana so ya mayar da wannan labari darasi, in ta yarda. Ranar da aka sake haɗuwa ta zo da wani abu a ƙulle a tsumma, ta kwance, ta tura wa Asabe da ƙafa. Tsofaffin silifas ne na maza. Tukur ya dubi silifas ɗin, ya dube ta, ya gane. Shi ma ɗan fari ne a gidansu.

Ƙa'idar darasin mai sauƙi ce. Ba awo, ba gwajin jini, magana ce kawai. Asabe ba za ta faɗi fiye da abin da mai jegon ta faɗa ba. Duk abin da zai nuna cewa zuciyar yarinyar ce take gazawa yana wurin tsohuwar da ke kallon bango, ita kuma ba za ta faɗa ba sai an san yadda aka yi da ita. Tukur ya taɓa roƙonta ta ɗan sassauta. Ta ce, "Likita, ba ƙi nake ba. Ba ya fitowa ne."

Haka aka yi ta yi. Duk lokacin da sababbin likitoci suka zo sai a aiko a kira ta, ta bar wa mai shayi tsaron tabarmi. Yaran nan ba sakarkaru ba ne, a yi musu adalci. Da yawansu 'yan ƙasar nan ne, wasu iyayensu mata ba su taɓa kiran sunansu ba, amma da sun sa farar riga sai su ajiye abin da suka sani na gida a bakin ƙofa. Littafi ya ce a fitar da baƙo don mara lafiya ya sake, sai su fitar da ita cikin ladabi. Wani ya bar ta a zaune ya manta da ita kamar buhu. Wani ya yi ta tsare ta da tambaya, "Ke dai faɗa mini, 'yarki ce ko ba 'yarki ba ce?" har ta ji kamar ta nutse. Masu kaifin ciki sukan ji wani abu bai yi daidai ba, su ce a yi gwaji a dawo mako mai zuwa. Hajo ta san babu mako mai zuwa. Ƙararrawa ta kaɗa, Asabe ta tashi tana jan silifas, an sake sallamar yarinyar gida.

Bayan an sallame su ne Tukur yake zama da yaransa ya warware musu, ya kuma sa su yi alkawarin ba za su gaya wa na baya ba. Yakan ce faɗuwa a ɗakin nan ta fi musu cin jarrabawa amfani, kuma gaskiyarsa ne. Nas-nas sun ce waɗanda suka bi ta hannun Hajo sukan tsaya su dubi 'yar rakiya kafin su rubuta magani. Amma ita Hajo ba ta cikin wannan zama. Nata rabon a kullum shi ne ta ji an ce su tafi.

Wata rana ta manta tsummanta, ta dawo ɗauka, ta ji muryar Tukur ta taga. Yana gaya musu cewa zuciyar wasu mata takan yi rauni bayan haihuwa, kuma likitoci suna ganin yawan kanwa da zafin wanka suna ƙara mata nauyi. Hajo ta tsaya da hannu a kan ƙofa. Ta tuna kaurin kunun nan, ta tuna yadda take tsayawa a kanta sai ta shanye. Ba ta ɗauki tsumman ba. Ta daɗe ba ta fito kasuwa ba, Bala ya yi ta tambaya ta ce ƙafa ce.

Ta dawo dai. Asabe ta ce ta ɗauka sun rabu ke nan. Hajo ba ta iya gaya mata dalili ba, amma ni zan faɗa. A duk duniya, ɗakin nan ne kaɗai wurin da yarinyar take zaune kusa da ita tana numfashi, da sauran dama. Tana jin ɗumin kafaɗarta ta cikin hijabi. Wani lokaci in Asabe ta yi tari, ba muryar Asabe take ji ba. Tana tsoron ɗakin, kuma da an yi kwana biyu ba a kira ta ba sai ta kama kallon ƙofa.

Labarin darasin ya bazu, har aka shirya taron bita na malaman likitoci. Manya ne suka zo daga asibitoci daban-daban, waɗanda su ma suke horar da likitocin iyali, don su ga yadda ake yi su koma su gyara nasu. Aka ɗauko tebur da benci aka kai babban ɗakin taro. Tukur ya nemi wanda zai zauna a kujerar likita. Nan take manyan nan kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Sai wata gajeriyar mata mai tabarau ta tashi daga baya tana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Dakta Aziza sunanta.

Ta gaishe su a natse, ta yi barka, ta tambayi jaririya, ta ji cewa da kwalekwale suka zo. Ta tambayi Asabe, Asabe ta ce zazzaɓi ne da ɗan tari, amma da sauƙi. Aziza ta sauke ido ƙasa, inda bakin silifas ya leƙo daga ƙarƙashin hijabi. Sannan ta dubi tsohuwar da ta ba su rabin baya. Ta daɗe tana dubanta. Hajo ta shirya amsarta, tana jin ta a kan harshe.

Tambayar ba ta zo ba. Likitar ta jawo kujerarta ta zagayo, ta zauna gefen Hajo, ita ma ta fuskanci bango, suka bar mai jegon a bayansu.

"Inna," ta ce a hankali, "a garinmu in yarinya ta haihu, akwai wadda take tashi ta dafa mata ruwan wanka. Ba na tambayar ko wace ce. Abin da mai dafa ruwan ta gani kawai nake so in ji."

Wani ya yi gyaran murya a cikin taron.

"Mai dafa ruwan ta ga ba ta kwanciya," in ji Hajo. "A zaune take barci, jikin bango. In ta miƙe sai tari."

"Sai me kuma ta gani?"

"Ta ga ƙafafu. Takalminta ya ƙi shiga, na babanta ne a ƙafarta. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta huta. Kuma tana dama mata kunun kanwa safe da yamma. Mai kauri. Tana tsayawa a kanta sai ta shanye."

"Haka aka yi wa mai dafa ruwan ita ma da ta haihu, shi ta sani," in ji Aziza. "Daga yau a dakata da shi. Mai dafa ruwan ta kyauta da ta kawo ta, ta kuma kawo ta a kan lokaci." Ta miƙe ta juya wajen Tukur. "Yarinyar nan ba za ta hau kwalekwale yau ba. Zuciyarta ce. A ba ta gado yanzu."

Maganar da Hajo ta yi shekaru tana jira ke nan. Ta ɗauka in ta ji ta za ta ji sanyi. Abin da ta ji zafi ne, domin ashe abin mai yiwuwa ne, ashe bai fi haka wuya ba.

Asabe ta ci gaba da wasanta yadda aka koya mata tun farko, ko da yake ba a taɓa kaiwa wannan wurin ba. "A'a likita, da sauƙi fa. Jaririya tana gida, gara in koma."

Aziza ta girgiza kai. "Ni ba za ta ji tawa ba. Inna, ke ki gaya mata."

Hajo ta juyo. Asabe ta ce a duk shekarun nan ranar ce tsohuwar ta fara kallon fuskarta a cikin ɗakin darasi. Hajo ta furta sunan kamar mai koyon magana.

"Bashira."

Ba wanda ya amsa. Babu wannan suna a cikin darasin, Asabe ba ta taɓa jin sa ba. Ta dubi Tukur, Tukur ya sunkuyar da kai yana kallon ƙararrawar da ke hannunsa.

"Bashira," ta sake cewa, da ɗan ƙarfi.

Idon Asabe ya cika. "Na'am, Inna."

"Likita ta ce ki kwana. Kada ki ƙara cewa da sauƙi, ba sauƙi, na gani. Ki kwana. Ina nan."

"To, Inna."

Tukur bai kaɗa ƙararrawar ba, ya ajiye ta a kan tebur a hankali don kada ta yi ƙara. Daga baya an yi jawabai, an yi tambayoyi, manya sun rubuta abin da za su koma su canza a asibitocinsu. Hajo ba ta ji ko ɗaya ba. Ta riga ta fita.

Mai shayi ya ga ta taho da sauri, abin da bai taɓa gani ba. Ta wuce tabarmin da ke gaba, ta zaro ta can ƙasa, mai jan baki, wadda ta fi kowacce kyau. Ya ce ko an samu babban mai saye ne? Ta koma ciki da ita a hammata, ta bi ta gaban ɗakin magani har barandar ɗakin mata, inda masu jinya suke zaune da kwanukansu da butocinsu. Ta nemi wuri kusa da taga, ta shimfiɗa, ta cire takalmi ta zauna.

Asabe ta biyo ta da silifas ɗin a hannu, ta hango ta, ta tsaya daga nesa. Ta koma ta gaya wa Tukur, ya ce a ƙyale ta.

Aka yi la'asar tana nan. Wata mata da ke kusa, wadda ta sayi tabarma a wurinta kwana biyu da suka wuce, ta gane ta, ta matso mata da kwanon ruwa.

"Ikon Allah, mai tabarma, yau ke ma a nan? Wa kike jinya?"

Hajo ta karɓi ruwan ta sha, ta goge bakinta da gefen mayafi.

"'Yata," ta ce. "Ta fari."